Misalin Mutumin da Ya Auna Motarsa da Tsinken Tsintsiya

An yi wani mutum a wani gari, sunansa Ishaku, ɗan kasuwar hatsi. Allah ya ba shi jiki, ya kuma ba shi abin riƙe jikin. In ya zauna a benci a majami'a, mutum biyu ne suke rasa wuri. Yana da mata mai haƙuri, da 'ya guda mai suna Tabita, da wata jar mota mai ƙofa biyu, irin ta gudu, wadda in ya tashe ta da safe kajin unguwa sai su watse.

Shekara huɗu babu mai irinta a garin. Ran Lahadi in an tashi daga sujada, samari sukan kewaye ta, shi kuwa ya tsaya gefe yana juya makulli a yatsa, kamar bai san ana kallo ba.

Yana da aboki tun na ƙuruciya, Sila, mai ba da magani a asibiti. Rana ɗaya aka yi musu baftisma, a rafi ɗaya. Sila siriri ne, in iska ta taso sai ka ji tsoro dominsa. Da ya yi ritaya sai ya sayi mota irin ta Ishaku sak, amma shuɗiya. Ishaku ya je ya yi masa murna da zuciya ɗaya, gama a ransa yana cewa, ai tawa ta riga.

Sai ya zama bayan 'yan watanni Sila ya canza wa motarsa shoka. Ku da ba ku da mota, kada ku yi barci, zan bayyana muku. Shoka ita ce abin da yake tsakanin taya da jikin mota, ita take shanye gargadar hanya. Wadda take zuwa da mota, yadda aka ƙera ta haka za ta mutu. Amma akwai wata iri da masu sana'ar suke kira koiloba. Ita sifirin ɗinta yana naɗe a jikinta, yana zaune a kan wani zoben ƙarfe, jikin kuma yana da zare kamar na noti. Ka murɗa zoben sama, mota ta tashi. Ka murɗa shi ƙasa, mota ta durƙusa. Irinta Sila ya sa, ƙafa huɗu.

Ranar da ya shigo da ita harabar majami'a, shuɗiyar motar nan ta kwanta ƙasa ƙasa kamar kyanwa ta hango ɓera. Samarin da suke kewaye jar mota suka koma can gaba ɗaya. Ishaku ya tsaya yana juya makulli a yatsa, kuma a wannan karon da gaske ba mai kallo.

Tun daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi. In Sila ya gaishe shi, sai ya ji kamar da gatse. In Sila bai gan shi ba, sai ya ce girman kai ya fara. Abin da ya fi ci masa rai kuwa shi ne wannan: gidan Ishaku yana can ƙasan wani layi marar kwalta, a bakin layin akwai kwalbati mai doro. Duk lokacin da Sila ya zo ziyara, sai ya ajiye motarsa a kan kwalta, ya tako da ƙafa.

Ishaku ya ce wa matarsa, “Maman Tabita, kin ga mutumin nan? Ga fili a ƙofar gidana, amma sai ya kafa ta a bakin layi, don duk mai wucewa ya tsaya ya kalla.”

Ta ce, “Wataƙila motsa jiki yake so.”

“Wane jikin?”

Ana nan sai aka sa ranar auren Tabita. Wata rana da yamma suna zaune a tsakar gida ana lissafa wanda zai yi girki da wanda zai kawo kujeru, sai Tabita ta ce, ba da wata manufa ba, “Baba, ko za ka roƙi Baba Sila ya ba mu motarsa ranar? Ta fi fita a hoto.”

Ishaku ya ajiye cokali. Ya ce, “Ni na haife ki, ni zan kai ki majami'a, a motata, da hannuna a kan sitiyari. Kuma ranar za a ga wadda ta fi fita a hoto.”

Ya aika birni aka kawo masa koiloba irin ta Sila, har kwalin iri ɗaya. Ya kai wa Baba Gambo, tsohon makaniken da ya ɗaura ta Sila.

“Baba Gambo, ga su nan. Ka ɗaura, ka saukar min da ita yadda ka saukar masa.”

Tsohon ya goge hannu da tsumma. “Ɗaurawa ba wuya, Oga, kafin azahar na gama. Saiti shi ne aikin. Ka ba ni wuni guda, ka zo da kanka.”

“Ni kuma in yi me? In riƙe maka sifana?”

“Zama za ka yi a ciki. Ka zo da madam, ka zo da abin da ka saba ɗauka a but. In auna kusurwa huɗu kana zaune. Mu fita mu zaga, mu bi hanyar gidanka, mu dawo in sake aunawa, gama sabon sifirin sai ya ɗan kwanta kafin a san tsayinsa na gaskiya.”

“Duk wannan dogon zance ne. Nawa ne awon Sila?”

“Awon Sila na Sila ne. Yana ciki na auna.”

“Wato ya hana ka faɗa.”

“Bai hana ni ba. Ko na faɗa ba zai amfane ka ba. Oga, kada ranka ya ɓaci, kai Sila biyu da rabi ne.”

Ran Ishaku kuwa ya ɓaci. Ya ce a ɗaura kawai, sauran ya san yadda zai yi. Baba Gambo ya ɗaura, ya bar zobban a sama yadda motar za ta kai gida lafiya, ya miƙa masa sifana mai ƙugiya da ta zo a kwalin, ya ce, “Ranar da ka shirya zama, gareji na nan.”

Ran Lahadi, ana tsakiyar wa'azi, Ishaku ya tashi yana dafe da ciki kamar wanda wake ya ɓata wa. Ya fita ta ƙofar baya. A bayan majami'a ya zari tsinke biyu daga tsintsiyar shara, ya nufi shuɗiyar mota. Ya so ya shiga ƙarƙashinta, amma ko kansa bai shiga ba. Sai ya kwanta a gefe da farin kaftaninsa, ya zura hannu ta bayan taya, ya lalubo zoben, ya jera tsinken daga zoben zuwa ƙarshen zare, ya karya daidai nan. Ɗaya na gaba, ɗaya na baya.

Yana kwance sai ya ga takalma a gaban hancinsa. Mai gadin majami'a ne.

“Lafiya, Baban Tabita?”

“Makullina ne ya faɗi.”

“Ga shi nan a yatsanka.”

“To, na gode Allah, ya samu.”

Ya koma ciki da tsinkayen a aljihu, ya tarar ana waƙar rufewa, ya ɗaga murya fiye da kowa.

Washegari ya rufe ƙofar gida. Ya ɗaga motar da jak, ya cire taya, ya fito da tsinkensa. Ya dube shi, ya sake dubawa. Ya ce a ransa, in na yi daidai da na Sila, ai cewa za a yi na kwaikwaye shi. Sai ya sa haƙori ya gutsure faɗin yatsa daga kowane tsinke. Ya yi ta murɗa zobban ƙasa yana gumi, ƙafa bayan ƙafa, har kowanne ya zo daidai da guntun tsinke. Da ya sauke ta daga jak, ya ja da baya ya duba.

Kai, jama'a, gaskiya motar ta yi kyau. Wannan ba zan ɓoye muku ba. Ta kwanta, ta miƙe, tayoyin sun cika madigadi taf. Ishaku ya zaga ta sau bakwai. Sa'an nan ya jawo tamfol ya lulluɓe ta.

Matarsa ta ce, “Ba za ka fita ka gwada ta ba?”

“In fita Sila ya gani, ya ruga wurin Baba Gambo ya ƙara sauke tasa? Ba mai ganinta sai ranar.”

“Ko zama ka yi a ciki mana.”

“Ke ma kin koma makanike?”

Mako biyu Ishaku yana hawa Keke Napep zuwa kasuwa, masu Keke suna ganinsa suna canza hanya. In an tambaye shi motar, sai ya yi murmushi ya ce tana hutawa.

Ranar aure ta zo, Asabar ce, an yi ruwa da sassafe. An sa ƙarfe goma, kuma faston nasu ba ya wasa da lokaci, ga shi akwai wani auren ƙarfe goma sha biyu. Matan zumuntar majami'a sun cika gidan da waƙa. Ƙarfe tara da rabi Ishaku ya fito cikin babbar riga fara sol, ya kama bakin tamfol ya fizge.

Aka ɗauki guɗa. Samari suka fito da wayoyi. Wani ya ce, “Wannan ai ta fi ta Baba Sila!” Ishaku ya ji maganar ta ratsa shi har tafin ƙafa. Wata da watanni yana jiran wannan kalma.

Aka ɗaura ribin. Aka shigar da amarya, aka tattara mata rigarta. Sa'an nan uban amarya ya buɗe ƙofa ya zauna.

Motar ta yi wani nishi. Gefen direba ya nutse, tayar gaba ta shige cikin madigadi. Matan da suke kusa suka dubi juna, amma waƙa ba ta tsaya ba. Ya tashe ta, ya juya sitiyari zai fita ƙofa, sai aka ji ƙiiii, taya na gugar ƙarfe.

Tabita ta ce, “Baba, wani abu yana ƙonewa.”

“Sabuwar shoka ce, haka take gaisuwa.”

Suka hau layi a hankali, mata na biye da waƙa, ƙasan motar na sharar tsakuwa. Da suka iso kwalbati, Ishaku ya hango shuɗiyar mota a kan kwalta, inda ta saba tsayawa, da Sila a jingine da ita. Maimakon ya rage, sai ya ƙara wuta, don ya wuce ta gabansa da ƙarfi.

Ƙwaram!

Cikin motar ya hau doron kwalbati ya zauna. Tayoyin baya suka yi ta juyawa suna watsa taɓo a kan matan zumunta. Waƙa ta mutu. Daga ƙarƙashi baƙin mai ya fara malala, yana bin ruwan sama zuwa lambatu. Samari suka tura gaba, ta ƙi. Suka tura baya, ta ƙi.

Sila ya tako da sauri, makulli a hannunsa. Ya sunkuya ta taga.

“Baban Tabita, riƙe. Tawa ga ta can, taku ashirin. Ɗauki 'yarka ka kai ta, ni zan tsaya da wannan.”

Ishaku ya fito da ƙyar. Bai dubi makullin ba. Ya ce, “Ka ji daɗi ko?”

“Daɗin me, mutumina?”

“Wata nawa kana kafa ta a bakin layina don unguwa ta kalla? Yau ga shi an taru, sai ka cika burinka.”

Sila ya dubi kwalbatin. Sa'an nan ya ce, “Ishaku, ba ta iya hawa kwalbatin nan ne. Tun ranar farko Baba Gambo ya gaya mini, ga inda za ta bi, ga inda ba za ta bi ba. Ni kullum ina kallon taka tana hayewa da buhun masara a but, ina cewa ina ma tawa ce.”

Ishaku ya ji maganar sarai. Da ya miƙa hannu a lokacin, da labarin nan ya ƙare da shinkafa da rawa. Amma ya dubi wayoyin da aka ɗaga, ya ga hoton da za a yi ta turawa: shi a cikin motar Sila.

Ya ce, “Ban haifi 'ya don a ɗauke ta hoto a motar wani ba. Minti biyar.”

Ya ciro jak daga but. Jak ya ƙi shiga, gama motar ta yi ƙasa da yawa. Ya ɗauko sifana mai ƙugiya zai murɗa zoben sama, hannu ya ƙi wucewa tsakanin taya da madigadi.

Tabita ta leƙo ta taga, idonta ya cika. “Baba, ni ko a Keke ne, in dai tare da kai.”

“Na ce minti biyar!”

Minti biyar suka wuce, wasu biyar suka bi su. Ya durƙusa yana tonon ƙasa da hannu don jak ya sami wuri. Saura minti goma ƙarfe goma ta cika, Maman Tabita ta gyara ɗaurin kanta, ta ce, “Baba Sila, don Allah ɗauke ta.” Mata huɗu suka ɗaga rigar amarya sama da taɓo, suka raka ta kan kwalta. Kafin ta shiga ta waiwayo. Ubanta bai ɗago ba, yana neman dutsen da zai tokare jak.

Kowa ya bi amarya. Aka bar shi da motarsa.

Sai bayan sha ɗaya wasu leburori masu wucewa suka taimaka aka ciccije ta gefe. Ya tari ɗan acaɓa, ya isa majami'a da baƙin mai har gwiwar hannu. Yana sauka ya ji guɗa daga ciki. Mai gadi ya tare shi a hankali, ya ce, “Fasto ya tambayi wa zai ba da amarya, ya jira, ya sake tambaya. Amarya tana ta duban ƙofa. Sai ƙanenka ya tashi.”

Ishaku ya tsaya a harabar shi kaɗai. Ga shuɗiyar mota a inuwa, an ɗaura mata ribin. Ya matsa kusa, ya sunkuya, ya zura yatsu tsakanin taya da madigadi. Yatsu biyu suka shiga.

Ya ce, “Duk da haka, tawa ta fi sauka.”

To, 'yan'uwa, ku bar dariya haka, ga abin da misalin nan yake koya mana.

Motar ita ce zaman duniyarka. Tsohon makaniken nan kuwa yana nuna mana yadda Ubangiji yake aikinsa. Ba ya auna wa mutum rabonsa mutumin yana waje. Yana auna ka kana zaune a ciki, da nauyinka, da iyalinka, da kayan da kake ɗauke da su waɗanda ba wanda ya sani, da irin hanyar da take kaiwa gidanka. Shi ya sa abin da ya ba maƙwabcinka ya yi wa maƙwabcinka daidai, kai kuwa in ka sato shi zai zaunar da kai a kan kwalbati. Aikinsa yana cin wuni guda, wani lokaci shekaru, mu kuwa ba ma son zama.

Tsinken tsintsiya shi ne ma'aunin kishi. Abin da yake iya aunawa kaɗan ne, ɗan wurin da hannunka ya taɓo a rayuwar wani kana kwance a ƙasa. Bai gaya wa Ishaku cewa Sila yana takawa da ƙafa cikin rana ba. Ke da kike kallon zanen matar dattijo tun daga bencin baya, kin san daren da ta kwana a asibiti da shi a jikinta? Kai da gonar ɗan'uwanka take hana ka barci, har ka zuba taki ninki biyu ka ƙone masararka, ka tambaye shi irin ƙasarsa? Kuma ku lura, kishi ba ya tsayawa a daidai. Sai ya sa haƙori ya gutsure.

Amma ba motar ce ta fi ba ni tausayi ba. Mota an gyara ta, Baba Gambo ya ɗinke ta cikin kwana uku. Abin da ba a gyarawa shi ne, an tambayi mai ba da amarya sau biyu, yarinya tana duban ƙofa. An miƙa masa makulli kyauta, daga hannun mutumin da yake ƙaunarsa, ya ƙi, don karɓa tana nufin ya yarda wani yana da abin da shi ba shi da shi a ranar. Haka da yawanmu muke yi da alherin Allah in ya biyo ta hannun wanda muke kishi. Muna cewa minti biyar, har a tashi.

Saboda haka ga aikin wannan mako. Kowa ya san Silansa, kada ku yi mini fuskar waliyyai. Kafin ka fita ƙofar nan, ka je wurinsa, ka kama hannunsa, ka ce, “Allah ya ƙara maka.” In ka ji maganar ta maƙale a wuya, kada ka saki hannun, ka sake faɗa har ta wuce.

Ni zan fara, don kada a ce malami yana aiken mutane inda bai je ba. Ɗan'uwa Yunana, shekara shida muna ƙungiyar mawaƙa tare, kullum kai ake ba baitin farko, ni ana ce mini in riƙa bi a hankali. Littafin waƙoƙinka da ya ɓace bara ana saura kwana biyu Kirsimeti, wanda ka nema har cikin rumbu, ba yaranka ba ne suka ɗauka. Yana ƙarƙashin katifata tun ranar. Ka hau ka yi waƙar da ka, ba littafi, kuma ta fi ta kowace shekara daɗi, na koma gida ban ci abinci ba.

Ga shi nan na kawo. Ɓera ya ɗan taɓa bangon baya. Allah ya ƙara maka murya.